Gudumar Tikyo a Ranar Shiru

Duk wanda ya yi musabaha da Eutiquio Cabahug, wanda garinmu ke kira Tikyo, zai ji wani dogon tabo a tafin hannunsa na hagu, domin da hannu biyu yake gaisuwa. Kada ka tambaye shi asalin tabon sai in ba ka da abin yi a ranar. Zai jawo maka kujera, ya jawo wa kansa, kuma kafin ya kai rabin labarin masu sayar da kifi a can bakin teku sun san inda aka kwana.

Tun da aka haifi Tikyo bai san yadda ake yin abu a hankali ba. In ya rufe ƙofa sai tsakar da ke jikin bango ta faɗo. In ya yi dariya karnukan unguwa su amsa. Uwarsu ta rasu yana ƙarami, uban kuma masunci ne da teku ta fi gida ganinsa, don haka yayarsa Presentacion ce ta rene shi. Manang Pising, wato Yaya Pising, kamar yadda shi da kowa ke kiranta, tela ce, siririya, marar yawan magana. Ta kori manema biyu saboda shi, kuma rabin ƙuruciyarta ya ƙare ne wurin faɗin kalma uku: "Tikyo, sassauta murya."

Ranar da ta fi kowace rana ba shi wuya yana yaro ita ce Babbar Juma'a, ranar da ake tuna mutuwar Yesu. A nan kudancin tsibirin Sebu ranar ba ta wasa ba ce. Ba rediyo, ba shara, ba guje-guje, ba nama a tukunya. Ba a taɓa wuƙa ko ƙusa, kuma da ƙarfe uku ya buga ba mai wanka. Tsofaffi sukan ce duk wanda ya ji rauni a ranar ba zai warke ba, tunda Mai warkarwar yana kwance a kabari. Ko ƙararrawar coci ɗaure ta ake yi. A madadinta ake kaɗa matraka, wani allon katako mai ƙarafa da ake jijjigawa a gaban jerin gwano. Wani tsohon fada mai wayo, limamin cocinmu, da ya gaji da ganin Pising tana murɗe kunnen ƙaninta a cikin coci, sai ya ɗauki matraka ya danƙa wa yaron. Wayyo daɗi! A ranar da aka rufe bakin gari duka, Tikyo kaɗai ke da izinin yin ƙara, kuma bai yi wa izinin rowa ba. Yana da nasa salon, biyu da sauri ɗaya mai nauyi, har masunta a cikin kwalekwale suna jinsa.

Can bayansa a jerin gwanon, bayan amalanken gawar Yesu, akan turo na mutum-mutumin Maryamu cikin baƙaƙen kaya. Wannan mutum-mutumin na gidansu ne, gadon uwarsu. Pising ke ɗinka masa tufafi, ita ke shirya shi, ita ke binsa a baya ba takalmi, riƙe da gefen rigarsa don kada ta ja ƙasa. Tun rasuwar uwarsu ba ta taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi.

Da Tikyo ya tasa ya koyi kafinta, ya tafi birni aikin gini. A can ya sha giyar kwakwa iya shansa, a can kuma ya haɗu da Minda, mai sayar wa leburori abinci. Ita a cikin addinin Mormon aka haife ta, wata ɗariƙar Kirista daban da ta cocinmu. Ya fara zuwa majami'arsu don ta gan shi, ya ci gaba da zuwa don abin ya shige shi. Wasu samari biyu masu farar riga da igiyar wuya suka yi ta zama da shi a kan tulin katako suna karantar da shi, har ranar da aka nutsar da shi a ruwa ya fito yana kuka kamar an yi masa mutuwa, alhali murna ce. Rana ɗaya ya bar giya, ya bar taba, ya bar kofi. Ba wanda ya taɓa zargin Tikyo da yin abu rabi.

Wannan zafin ne ya kawo shi gida don ya yi wa yayarsa albishir, kuma ya zo a mafi munin lokaci. Ya tarar da ita durƙushe tana gwada wa mutum-mutumin sabuwar riga. Ya yi ta zuba, yana gaya mata su ba su da toka a goshi, ba azumin kwana arba'in, ba jerin gwano, ko gicciye ba sa ratayawa, domin su mai rai suke bauta wa. Ta ƙyale shi. Da ya ga ba ta ko ɗago kai ba, sai ya ƙwanƙwasa kafaɗar mutum-mutumin da yatsa.

"Manang, ni fa kafinta ne. Na san itace in na gan shi."

Pising ta cire alluran da ke bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a jikin rigarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya je ya yi addininsa, ita ba ta hana shi ba, amma ƙafarta ba za ta taka gidan da ba a san Babbar Juma'a ba.

Kuma ta riƙe maganarta. Tikyo ya auri Minda, suka haifi 'ya'ya, daga baya ya dawo garinmu ya gina gida kusa da kasuwa, ya taimaka aka tada ƙaramar majami'ar Mormon mai filin ƙwallon kwando a gefe. Pising ba ta yanke zumunci ba. Tana ɗinka wa 'ya'yansa kaya ta aika ta hannun maƙwabta, shi kuma yana rataye mata kifi a ƙyauren gidanta na kan tudu. In sun haɗu a hanya sukan tsaya, kuma ba sa rabuwa sai sun tsokani juna. Ranar Larabar Toka, da ake shafa wa masu zuwa coci toka a goshi, takan tambaye shi me ya sa goshinsa fayau kamar wankakken faranti. Shi ya ce su kowace Lahadi ranar tsarki ce, ba saye, ba sayarwa, ba aiki, ba kamar wasu ba da ke fitowa daga coci su zarce wurin cacar faɗan zakaru. Ita ta ce ba ta taɓa ganin mutanen da ba sa zuwa jana'iza amma sai a gan su a sahun gaba wurin walima ba. Sai ya fashe da dariya, ita ta ce ya sassauta murya. Amma in sun iso ƙofar gidansa, nan take tsayawa. Ko ranar bikin 'yarsa ta fari, a bakin titi ta tsaya aka kai mata abinci.

Abin yana cin Tikyo, kuma bai iya ɓoyewa ba. Lokacin da yake gina gidan ya yi wani ɗaki a ƙasa, don kada tsohuwa ta sha wahalar matakala, ya yi masa taga mai kallon gabas. Ɗakin Manang ake kiransa. Shekara ta bi shekara har furfura ta cika kansa, ba abin da ya taɓa kwana a ɗakin sai buhunan shinkafa.

Sai wata shekara guguwa ta ratsa garinmu gab da Kirsimeti, ta yaye gefen rufin Pising. Ya je da gudu da guduma a hannu, ta ce ba ta so. Ta sa aka shimfiɗa tsohon tampol, aka danne da tayoyin mota, ta ce ya ishe ta. Duk lokacin da Tikyo ya ɗaga kai daga kasuwa ya hango tayoyin nan a kan gidan da aka haife shi, sai abinci ya fita ransa.

Dabarar ta zo masa ne a tsakiyar taron maza a majami'a, kuma bai jira mai magana ya gama ba ya miƙe. Za su yi mata rufin ba da saninta ba! Arsenio, direban motar haya wanda shi ne shugaban majami'ar a lokacin, ya ce to, amma yaushe, tunda kowa na da aikinsa, Lahadi kuma ba a taɓa guduma, ita kuma tsohuwar ba ta barin gida. Nan Tikyo ya tafa hannu har na kusa da shi ya zabura. Akwai rana ɗaya da gwamnati ke ba kowa hutu, ranar da Manang ke fita tun asuba ba ta dawowa sai bayan faɗuwar rana. Babbar Juma'a.

Arsenio ya sosa ƙeya ya ce yana jin kamar mutanen gari ba sa son ƙara a ranar. Tikyo ya ce wa zai gaya masa wannan, shi da ya yi ƙuruciyarsa a ciki? Ai kafin azahar, kafin fada ya fara dogon wa'azinsa, sun gama sun share wurin. Ya riga ya ga abin a idonsa: jerin gwano zai biyo ta gindin tudu kamar kullum, Manang za ta ɗago kai daga bayan amalanke, sai ta ga sabon kwano yana ƙyalli, shi kuma yana tsaye a gefe cikin wankakkiyar riga. Daga nan wa ya sani? Wataƙila ranar Ista, Lahadin tashin Yesu, ta ce bari ta leƙo ta yi wa Minda godiya. Sauran mazan yawancinsu a cikin addinin suka tashi, Babbar Juma'a a wurinsu ranar wankin babur ce da barcin rana, don haka kowa ya ɗaga hannu.

Makon nan Tikyo bai zauna ba. Ya sayo kwano ya ɓoye a bayan majami'a, ya wasa zarto, ya yi ta bai wa Minda labarin yadda fuskar Manang za ta yi, har ta ce in ya sake faɗa mata sau ɗaya za ta je ta tona asirin da kanta. Sirrin da Tikyo ya riƙe a rayuwarsa ke nan, kuma sai da ya kusa fasa shi.

Ranar Juma'a gari na wayewa suka laɓe a bayan bishiyar mangwaro har suka ga Pising ta sauko cikin baƙaƙen kaya, ta nufi coci. Tana shan kwana suka hau tudu da tsani da kwano a ka, suna dariya ƙasa-ƙasa kamar yara masu satar gwaba. Suka jefar da tayoyin, suka yaye tampol, suka ɓamɓare tsohon kwano. A nan lissafi ya fara kwancewa. Katakon da ke ƙasa duk gara ta cinye shi, Arsenio ya dafa ɗaya ya ruguje a hannunsa. Mai hankali da ya mayar da tampol ya ce a bari sai wani lokaci. Tikyo kuwa cewa ya yi ai gara da aka gani, ya tura mutum biyu su kwaso katakon da ya tanada don kicin ɗin Minda. Aka shiga awo da yanka da ɗaurawa, rana ta take, ba wanda ya tuna da abinci balle agogo. Lokacin da aka shimfiɗa kwanon farko, Tikyo ya cika bakinsa da ƙusoshi ya ɗaga guduma, ƙarfe uku ne daidai.

Waɗanda ke cikin coci har yau suna ba da labarin. Fada ya kai ƙarshen wa'azi, ya ce sai Yesu ya sunkuyar da kai ya saki ransa, jama'a suka zube a gwiwa. Shiru ya sauka, irin shirun da har kukan cikin na kusa da kai kana ji. Ba babur a titi, ba inji a teku. Sai daga sama, daga wajen tudu, aka ji ƙarar guduma a kan ƙusa. Wata tsohuwa a sahun gaba ta dafe ƙirji ta ce ana gicciye shi, a kunnenta, wasu suka fara kuka da gaske. An ɗan jima ana cikin wannan hali kafin guduma ta biyu da ta uku suka shigo, kowa ya gane cewa ko a wancan zamani ba a yi amfani da kwanon rufi ba. Mutum ɗaya ce ba ta ruɗe ba ko na daƙiƙa. Biyu da sauri, ɗaya mai nauyi. Pising ta runtse ido a inda take durƙushe, ta kasa ɗagowa.

An tura wani dattijo ya je ya hana su. Amma ranar ba a gudu, ba a kuma ɗaga murya, don haka ya tako a hankali har gindin tudu ya tsaya yana ta kaɗa hannuwa biyu a sama. Tikyo ya hango shi, daɗi ya kama shi cewa ga wani ya yaba aiki, ya ɗaga masa guduma ya ƙwala masa gaisuwa, ya koma bugu da ƙarfin da ya fi na da.

Sai da rana ta yi sanyi, an rufe rabin ɗakin, yunwa ta ci ƙarfinsu. Suka zauna a kan rufin, ƙafafu na reto, suka buɗe tukunyar da Minda ta aiko. Naman alade ne da tafarnuwa, ya sha mai, domin ita abin da ta sani shi ne mai aikin ƙarfi nama yake ci, azuminsu kuma na Lahadin farkon wata ne. Tikyo ya kai loma ta biyu ke nan ya ji wani sauti daga nesa, can wajen ƙofar coci. Matraka ce. Ya tsaya da tauna yana murmushi, har ya fara gaya wa Arsenio cewa yaran yanzu ba su iya ba, ji yadda yake kaɗa ta kamar mai jin barci. Sai murmushin ya tsaya. In shi yana jin ɗan allon nan sarai daga nan, to su a can me suka ji?

Kafin ya gama wannan tunani jerin gwanon ya ɓullo. Garin duka ne, da kyandir a hannu, da yawa ba takalmi, cikinsu ba komai tun safe sai binignit, kunun dankali da ayaba. Iska kuma, kamar da gayya, ta kwaso ƙamshin naman ta sauke musu. Kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce uffan, kuma da sun yi zagi da ya fi sauƙi. Tikyo ya zabura zai ɓoye tukunyar a bayansa, ƙafarsa ta zame, ya kai hannu ya cafki bakin sabon kwano. Bai ma ji zafi ba da farko, jini kawai ya gani yana bin kwarin kwanon yana ɗiga ƙasa.

Amalanken Maryamu ne na ƙarshe. Ya ga yayarsa a bayansa, 'yar ƙarama cikin baƙi, riƙe da gefen rigar. Ta ɗago kai, kamar yadda ya yi ta mafarki, ta dubi rufin, ta dubi tukunyar, ta dube shi. Sai ta miƙa wa matar da ke kusa da ita gefen rigar, ta fita daga layi, ta fara hawa tudun ba takalmi a kan tsakuwa. Arsenio da sauran jarumai suka sulale ta bayan gida. Tikyo ya sauko daga tsani da hannu ɗaya, ya ɓoye ɗayan a baya, ya tsaya jiran abin da ya san ya cancanta.

Ta iso tana haki, bakinta cike da maganar da ta tara tun ƙarfe uku. Sai idonta ya sauka a kan jinin da ke bin ƙafar wandonsa.

"Miƙo hannun."

"Manang, ɗan ƙwarzane ne."

Ta fizgo hannun ta buɗe. Tikyo bai taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka binne ubansu. Fushin ya tafi gaba ɗaya, tsoro ne tsagwaronsa.

"Yau ka ga damar yankewa? Duk ranakun duniya sai yau? Wa zai warkar da kai, Mai warkarwar yana kabari?"

"Ai a wurinmu ya tashi tuntuni, Manang, bai kuma koma ba."

"Rufe min baki. A gidan nan sai jibi zai tashi."

Ta cire mayafin kanta ta ɗaure hannun tamau. Matar da ba ta taɓa hura wuta ko taɓa ruwa bayan ƙarfe uku na wannan rana ba, ta hura wuta, ta tsinko ganyen gwaba ta dafa, ta zaunar da shi a kan turmi tana wanke ciwon. A ƙasa jerin gwanon ya sha kwana ya wuce, sautin matraka yana nisa. Ba ta waiwaya ba. Shi ne ya waiwaya, ya ga amalanken uwarsu yana tafiya da wata a bayansa, sai kuka ya ƙwace masa, kuma karo na farko a rayuwarsa ya yi shi ba sauti.

Ta kafa dokoki biyu. Ba za a sake buga ƙusa ko ɗaya ba sai ƙararrawa ta yi magana ranar Lahadi, kuma shi ba zai bar gabanta ba sai ta ga abin da ciwon zai yi. Arsenio ya dawo sumui-sumui da igiya, suka ɗaura tsohon tampol a kan rabin da ke buɗe, suna magana da hannu. Aka aika wa Minda cewa mijinta yana tsare.

Ranar Asabar Tikyo ya yini a gidan da aka haife shi, yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Ya sha binignit kwano biyu, ya ce har ya manta daɗinsa, ta ce ai ba dankali da ayaba kaɗai ya manta ba. Kowane ɗan lokaci sai ta kwance ɗaurin ta leƙa, ta mayar. Da yamma, tana guge farar rigar da za a canza wa Maryamu da asuba, ya daure ya ce mata maganar nan da ya faɗa tun yana saurayi, ta itace, bai taɓa daina jin kunyarta ba.

"Na san itace ne, wawa," in ji ta, ba ta daina guga ba. "Wa kake tsammani ke shafa masa magani don gara? Hannun Nanay, uwarmu, ne a jikinsa. Shi ka ƙwanƙwasa."



Ranar Lahadi ƙararrawa ta ɓalle tun da jijjifi, aka bi ta da ganguna da ƙahoni da wasan wuta, garin duka kamar an cire masa toshiya. Tikyo ya ji kamar shi aka kwance. Ya yi wanka da hannu ɗaya yana waƙa, ya sa farar rigar da Minda ta aiko, yana kokawa da igiyar wuya don ya tafi nasu taron, inda ba ganga ba fure, sai waƙa da burodi da ruwa kamar kowace Lahadi. Sai ga Pising ta dawo daga coci cikin riga mai furanni, tana sauri kamar yarinya. Ba ta ko zauna ba ta kama hannun ta kwance. Bakin ciwon ya haɗe, ya bushe, ba ruwa ba kumburi.

"Ka gani? Ya tashi," in ji ta, kamar ita ta ci gardamar. Dariya take yi, hawaye na zuba. Ta shiga ɗaki ta fito da gudumarsa ta miƙa masa. "Ungo. Hau ka yi ta hayaniyarka, yau ko garin za ka tsaga ba ruwana. Ga hadari can yana haɗowa."

Tikyo ya dubi gudumar. Ya dubi teku, inda sama ta yi baƙi ƙirin, ruwan farko na shekara yana tahowa, kuma ya san tampol ɗin nan ko yayyafi ba zai tare ba. Tun ranar da aka nutsar da shi a ruwa bai taɓa ɗaga guduma ranar Lahadi ba, ko lokacin da wani ɗan kwangila ya kore shi saboda haka. Amma wannan ce rana ta farko da Manang ta roƙe shi wani abu. Ya sassauta igiyar wuyan, ya fara naɗe hannun farar rigar, ya kama ƙotar gudumar.

Ba ta saki ba. Tana kallon rigar, tana kallon takalmin da ya goge, har ya ga lokacin da abin ya faɗo mata.

"Yau Lahadi."

"Ba komai, Manang. Larura ce."

"Sakar min." Ta janye gudumar ta ajiye a kan keken ɗinki. "Kai ka taka tawa ranar. Ni ba zan taka taka ba."

Ya ce to ruwan fa, gadonta a ƙarƙashin ramin yake. Ta ce ya ja gadon da keken zuwa inda aka rufe, ya daina tsayawa yana kallonta kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Kafin ya gama ja ta naɗe tabarmarta, ta ƙulle kayan sawa kala biyu, ta ɗauko 'yar butarta da gwangwanin kofi, domin, in ji ta, ta ji labarin gidajen da ake karya kumallo da ruwan zafi zalla, kuma ita ba ta yi laifin da za a yi mata wannan horon ba. Sai da ta sa kwaɗo a ƙofa ya fahimci inda za su.

Suka sauko tudun iska na kaɗa su, shi a gaba da ƙullin kaya a ka, yana tafiya yana waiwaye don kada ta canza shawara. Tun daga bakin kasuwa ya fara ƙwala wa Minda kira, ta fitar da buhunan shinkafa, ta buɗe taga, ta share ɗakin Manang, har masu fitowa daga coci suka tsaya kallo. Ɗigon farko ya sauka a kan kwanon maƙwabta lokacin da suka iso. Pising ta tsaya a bakin titi, a daidai inda ta saba tsayawa, ta gyara riƙon butarta.

"Tikyo, sassauta murya," in ji ta.

Sannan ta ɗaga ƙafa ta shiga.